Waiwaye: Tafkin Kifina da Mitar Wuta

Ranar 3 ga Afrilun 2024, ana cikin goman ƙarshe na azumi, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki ta sanar da sabon farashi ga 'yan rukunin Band A, wato unguwannin da aka ce suna samun wuta awa 20 ko fiye a rana. Yunit ɗin da muke saye ƙasa da naira 70 ya tashi ya koma naira 225. Layinmu a Kaduna na ciki. Kuɗin da na saba lodawa ya kai mu kwana goma, a kwana na uku mita ta fara ƙarar nan tata mai tayar da hankali. Uwargida ta zare firji ɗaya, ta hana yara guga, ta bi ɗaki-ɗaki tana kashe fanka cikin wannan uban zafi. Mita dai ba ta sassauta ba. Bayan shan ruwa ta tsaya bakin taga, ta yi nuni da haɓa zuwa tsakar gida, ta ce, "Malam, ga fa masu shan wutar can suna iyo abinsu."

Kifayen koi take nufi, su goma sha ɗaya, a tafkin siminti da na gina a 2021. Ban tanka ba.

Sha'awar ta kama ni ne a 2018, lokacin da aiki ya kai ni Japan wani ɗan gajeren kwas, aka ɗebe mu wata Asabar zuwa garin Ojiya a lardin Niigata. Can ne mahaifar wannan kifi. Asalinsa na ci ne, baƙi-baƙi, ba shi da wani kyan gani. Manoman shinkafa na tsaunukan Ojiya da Yamakoshi ke kiwonsa a kududdufan da suke tara ruwan gona, don su sami nama idan ƙanƙara ta toshe hanyoyi da hunturu. Wajen farkon ƙarni na 19 aka fara ganin masu ɗigon ja da fari a ciki, manoma suka riƙa ware su suna haɗa iri, har aka kai su wani baje koli a Tokiyo a 1914, sauran ƙasa ta san da su. Nishikigoi suke kiran sa. Fari mai zanen ja shi ne Kohaku, idan aka sami baƙi a ciki kuma ko Sanke ko Showa. A shekarar da na je, an yi gwanjon wata Kohaku guda ɗaya a Hiroshima kan yen miliyan 203. Ni dai da na tsaya bakin ruwa na ga kifi mai tsawon hannun babban mutum ya taso a hankali, ya ci abinci a tafin wata tsohuwa, na ce wa raina in Allah ya yarda sai na yi wannan a gida.

Daga baya na gane ado na ɗauko na baro hikimar a can. A hanyarmu mun wuce kududdufan laka jere hawa-hawa a jikin tsauni, ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara da idon ruwa ke cika su, kowanne ruwa da yawa kifi kaɗan. A nan kifin ke yin bazara da damina yana girma, sai a watan Oktoba a kwashe shi a kai ɗakunan da ake ɗumamawa. Na ɗauki hotuna barkatai, amma ko sau ɗaya ban tambayi yadda ruwan ke tafiya ba.

Da na tashi ginin nawa, mutum biyu na kira. Birkilan da ya saba gina kwamin tarwaɗa, da mai aikin famfon da ya yi suna wajen haɗa wuraren ninƙaya na otal-otal. Muka haƙa rami mita huɗu tsawo, biyu faɗi, ɗaya da rabi zurfi, wato lita 12,000. Na ce a dasa shi tsakiyar gida daidai tagar falo, inda rana ke dukan sa daga hantsi har la'asar. Na ce ba na son ganin inji ko mataci, a ɓoye su can bayan ɗakin mai gadi, tafiyar mita goma sha biyar. Na kuma ce a gina mini magangarar ruwa da duwatsu, wadda ta ɗara ni tsawo. Yara suka sa mata suna Matsirga. Mai famfo ya kawo injin wurin ninƙaya mai wat 550 da tukunyar yashi ta tacewa, ya ja bututu inci ɗaya da rabi ya zagaya da shi duk inda na nuna. Na yi cinikin siminti, na yi cinikin tayil, na yi cinikin dutse har mai tifa ya yi fushi. Tambaya ɗaya ce ban yi wa kowa ba: nawa wannan abu zai riƙa ci a wata?

Ba na ganin laifinsu. Kowa abin da ya sani ya yi, kuma abin da na nema aka ba ni. Tarwaɗa tana shaƙar iska ta sama, tana jure dagulallen ruwa, a zubar a sake mata wani, bayan 'yan watanni a kira mai saye. Koi kuwa zai iya shekara ashirin ko talatin a ruwa guda, kuma kashinsa da amoniyar da ke fita daga jikinsa duk a ciki suke taruwa. Masu raba shi da wannan guba wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke manne a jikin mataci, suna juya amoniya mataki-mataki har ta koma abin da ba ya cutar da kifi sosai. Su ma rayayyu ne, sai ruwa mai iska yana bi ta kansu ba fashi, idan ya tsaya na dogon lokaci su fara mutuwa. Shi ya sa injin tafkin koi ba ya barci. Injin wurin ninƙaya kuwa an ƙera shi ne ya danna ruwa da ƙarfi cikin yashi na wasu awanni a kashe shi ya huta. Doki na ɗaure a aikin jaki.

Lissafin da ya kamata in yi a 2021 sai a daren nan na yi shi a bayan ambulan. Shekara awa 8,760 ce, saboda haka duk wat ɗaya da ba a kashewa yana cin kusan yunit tara a shekara. Ga inji wat 550, ga fitilar kashe gansakuka 55, ga injin hura iska 45, jimla 650. A yini yunit goma sha biyar da rabi, a wata kusan 470. Awannin da aka ɗauke wuta batir ke riƙewa, shi ma daga mitar yake cika cikinsa. Da tsohon farashi dubu talatin da 'yan kai ne, yana ɓuya cikin kuɗin wutar gida, ni kuma ina ɗora laifin kan na'urar sanyaya ɗaki da yaran da ba sa kashe ƙwai. Da sabon farashi ya haura dubu ɗari. Kawuna ya taɓa tambaya ta, "Wai kifin da ba a ci shi ma ciyar da shi ake yi?" Na yi dariya a lokacin. Da na ga abin da ke jikin ambulan dariyar ta ɗauke.

Dabarar da ta fara zo mini ita ce mafi muni: in riƙa kashe komai bayan Isha'i, in kunna da safe. Rabin kuɗi ke nan ya tafi. Daren farko lafiya lau. Dare na biyu na dawo daga Tahajjud wajen ƙarfe huɗu, tsakar gida tsit, babu kukan ruwan da kunne ya saba da shi. Na haska fitilar waya. Dukansu sun taru a saman ruwa daidai inda magangara ke zuba, bakuna a waje, suna buɗewa suna rufewa kamar masu roƙo. Na tsoma hannu, ruwan ɗumi kamar wanda aka sirka don wanka. Babbar Kohaku ta, wadda ke cin abinci a tafina, ta kwanta a gefe guda tana juyi a hankali. Na kunna komai, na tashi samarin gidan, muka riƙa ɗibar ruwa da bokiti muna sheƙa shi daga sama. A tsaye muka yi sahur, dabino da ruwa. Kafin rana ta fito uku sun mutu, kuma manyan ne.

Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi. A ma'aunin zafi 20 lita ɗaya tana ɗaukar miligiram tara, a 30 bakwai da rabi ne, alhali a zafin ne jikin kifi ya fi buƙatar ta. Gansakukar da ke ba ruwa iska da rana kuma, da dare ita ma sha take yi. Don haka gab da asuba iskar tafki ke kai ƙarshen ƙarancinta, lokacin da na zaɓa in yi tsimi ke nan. Ɗan'uwan wannan kifi mara ado an daɗe ana kiwonsa a gonar kifi ta Panyam da ke Filato tun zamanin Turawa, amma Filato sanyi gare ta, ba Kaduna ba ce a watan Afrilu. Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin kifin ba ne. Dabbar da ka tsare ka hana ta neman na kanta amana ce a wuyanka, kuma da hannuna na kashe makunnin.

Bayan Sallah na kai kuka wurin wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallacin unguwa, tsohon injiniya da ya yi ritaya daga aikin ruwan sha. Ya zo da la'asar da sandarsa. Ko kallon kifin bai yi ba. Bututu ya bi tun daga bakin tafki, yana ƙwanƙwasa kowace gwiwa da sanda yana ƙirgawa a fili, har tara. Ya ɗora tafi a bayan inji ya janye da sauri. Sa'an nan ya sa aka kwance bututun a saman magangara, aka tara bokiti mai lita ashirin, shi yana duban agogo. Sakan goma ya cika.

"Ɗana," ya ce, "wa ya gaya maka ruwa yana son hawa?"

Na ce, "Baba, ai don kyau aka yi."

"To kyan ne kake biya. Lita 7,200 ke nan a awa. Ka san nauyinsa? Buhun siminti 144. Kowace awa kana ɗaga su sama da kanka ka sake su su faɗo, dare da rana, shekara uku. Wane lebura ne zai yi maka wannan a arha?"

Ya zauna a bakin dakali ya warware mini sauran. Abu biyu mai tura ruwa ke biya, tsayi da ƙunci. Tsayin na gan shi. Ƙuncin kuwa yana cikin siririn bututun nan mai nisa, inda ruwa ke gogar bango yana karo da kowace gwiwa, ga kuma yashin da sai an matsa masa kafin ya ba da hanya. In ka ninka faɗin bututu sau biyu, in ji shi, gogayyar tana raguwa kusan ninki talatin, ruwan kuma bai ragu ko cokali ba. Ya ce adadin litar da ake rubutawa da manyan haruffa a kwalin inji, abin da zai ba da ne in babu hawa ko kaɗan. Mai hankali jadawalin da ke cikin takarda yake nema, wanda ke nuna lita nawa zai ba da a kowane tsayi da wat nawa zai sha. Nawa injin kusan rabin abin da ke kwalinsa yake kawowa, sauran ƙarfin zafi yake zama a jikinsa.

Na tambaye shi ko in sayo sabon inji mai tsimin wuta in maye gurbin wannan. Ya girgiza kai. Ya ce ƙaramin inji ba zai iya da wannan hanya ba, ko kan magangarar ba zai kai ba. Hanyar ce za a sake. Nan na fahimci cewa kuɗin wutar da nake biya ba a shagon inji aka yanke shi ba, ranar da na tsaya a kan leburori ina nuna inda za a haƙa aka yanke shi, aka zuba kankare a kai.

Fasa daɓen shi ne ya fi ciwo. Na aro babban tankin tamfol wurin wani mai kiwon tarwaɗa, muka kwashe takwas ɗin da suka rage, na tsaya ina kallon guduma tana cin tayil ɗin da na yi mako ina zaɓe. Aka sake daɓe da ɗan gangare zuwa tsakiya, aka sa magudana a ƙasan, aka binne bututu inci huɗu. Jikin bangon tafkin aka haƙa ɗakunan tacewa guda uku, bakinsu daidai da bakin tafki. Duk wanda ya ga magini yana auna daidaiton gini da farin tiyo mai ruwa ya san sirrin: ruwan wannan baki da na wancan kullum kansu ɗaya. Da ka ɗebi ruwa a ɗakin ƙarshe, na tafki zai biyo ta ƙasa da ƙafarsa ya cike gurbin, ya taho da dattin da ya kwanta, ba a biya ko kwabo ba. A ɗakin farko datti ke kwanciya, in na buɗe mashiga ya tafi gindin ayaba. Na biyu burushi ne da raga. Na uku 'yan robobi ne da kumfar iska ke juya su, gidan bakteriyar ke nan. Inji yana can ƙarshe cikin ruwan da aka riga aka tace, aikinsa kawai ya ɗaga shi kamar taƙi ɗaya ya mai da shi tafki ta gajeren bututu mai faɗi. Wat 70 ne, yana da maɓallin rage gudu, kuma ruwan da yake juyawa ya ɗara na tsohon. Tafkin gaba ɗaya yana ratsa mataci cikin awa ɗaya da rabi, abin da ake so ke nan.

Baba ya so ma mu rabu da injin ruwa ɗungurungum. Akwai dabarar da ake tsayar da bututu cikin ruwa mai zurfi, a hura iska ta ƙasansa, kumfa tana tasowa tana jan ruwa sama. Ba ta iya hawa, ko kamu ɗaya ba ta kaiwa da kirki, amma inda ruwa kai ɗaya yake tana kwasar lita dubbai da ɗan injin iska. Ni na ji tsoron dogara da ita kaɗai, sai muka yi sulhu, aka sa ta a gefe. Ita ce ta zama gatan kifin. In an ɗauke wuta, sabon injin iska mai wat 40 kaɗai inbata ke riƙewa, shi ke motsa ruwa, shi ke ba shi iska, batir kuma ya kwana bai gaji ba. A wannan dattijon ya fi ni gaskiya, na kuma gaya masa.

Tafkin ba ya ɗaguwa daga tsakiyar rana, sai muka kafa ƙarafa muka shimfiɗa ragar inuwa irin ta masu rainon tsiro. Ruwa ya rage zafi, gansakuka ta rage tsiro, fitilar wat 55 ta koma mai 25. Da a ce tun farko na dasa shi gabas da ginin gida, da bango ya tare masa ranar yamma kyauta. Gindin bishiya kam ban ba kowa shawara ba, ganye zai hana ka sakat. Zurfin mita ɗaya da rabi ne kaɗai abin da na yi daidai, shi ma don na ji ana faɗa ne, ban san ruwa mai zurfi ya fi jinkirin ɗaukar zafi ba. Ukun da suka mutu ban maye su ba. Masu kiwo a ƙasashen sanyi sukan ba kowane babban kifi kamar lita dubu, a zafinmu na ga gara a ƙara masa. Kowane ƙarin baki ƙarin abinci ne, ƙarin kashi, ƙarin aikin mataci.

Akwai inda muka fi su sa'a. A Ingila masu son kifinsu ya ci gaba da girma da hunturu sai sun ɗumama ruwan, kuma wannan kan fi injin ruwa cin wuta nesa ba kusa ba. Da yunit ya kai fam ɗaya bisa uku a can a Oktoban 2022, maganar rufe tafki da lulluɓe bangonsa don kar ɗumi ya tsere ita ce ta dame su. Mu hunturunmu bai kai nan ba. Iska muke saye, kuma ta fi ɗumi arha.

Mutane da yawa sun ce mini, "Ka sa sola mana ka huta." Gaskiya ne, amma sola ba ta gyara gurguwar hanya, tsadar kawai take tattarowa ka biya a dunƙule. Tsohon tsarin sai da faifai kamar goma masu wat 400 da jerin batura da za su kwana suna jan wat 650. Na yanzu wat 135 ne gaba ɗaya, yunit uku da kwata a yini, faifai uku sun ɗauke shi har da rara. Bambancin yunit 370 ne a wata. Kuɗin fasawa da sake gini ya fanshi kansa kafin shekara ta zagayo, amma da a 2021 na yi, bai wuce bambancin kuɗin bututu da ƙarin yini biyu na lebura ba.

Matsirga tana nan ban rushe ba. Na ba ta ƙaramin injinta da makunninta daban, ranar Juma'a bayan la'asar nake kunna ta awa ɗaya in jikoki sun zo. Na kuma sa wa tafkin 'yar mita tasa shi kaɗai a jikin bangon ɗakin tacewa, uwargida ce ke karanta ta ƙarshen wata. Watan jiya yunit 98 ta nuna. Mai karatu da ke shirin haƙa nasa, ya fara zana hanyar ruwan a takarda, ya rubuta wat ɗin kowane inji a gefe, ya ninka da awannin wata da farashin yunit na layinsu, ya nuna wa mai ɗakinsa, tukuna ya kira lebura.